Makaɗi mai hannu ɗaya

Sati uku ke nan hannuna na hagu yana ɗaure tun da na faɗi a babur. Ko maɓallin riga sai ƙanena ya saka mini. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya, sai na ci karo da bidiyon Rick Allen, makaɗin gangar ƙungiyar Def Leppard ta Ingila.

Wallahi sai da na tashi zaune. Bawan Allahn nan hannu ɗaya gare shi. Ranar 31 ga Disamba 1984 motarsa ta kife kusa da Sheffield, hannun hagu ya guntule, yana ɗan shekara 21. Likitoci suka mayar, ciwo ya shiga, dole aka sake cirewa. Daga baya aka ƙera masa gangunan lantarki masu abin takawa, ƙafar hagu ta karɓi aikin hannun. Ko takalmi babu, kana ganin ƙafar tana ta aiki. A 1986 ya hau dandalin babban bikin kiɗa na Donington a Ingila.

Abin da ya fi taɓa ni, da bakinsa ya ce firgicin haɗarin ya yi shekaru yana bin sa.

Kiɗan nasu dai hayaniya ce a kunnena, amma sau huɗu na maimaita bidiyon.