Ganuwar Nendrum da abin da ke wajenta

A tsibirin Mahee da ke cikin ruwan Strangford, a Ayalan ta Arewa, akwai kufan wani tsohon gidan ibadar Kiristoci da ake kira Nendrum, wanda ake danganta kafuwarsa da waliyyi Mochaoi a ƙarni na 5. Katangu uku na dutse ne suka kewaye shi, ɗaya a cikin ɗaya. A zagayen ciki akwai majami'a da maƙabarta da gindin wata hasumiya, na tsakiya kuwa nan aka tarar da alamun ɗakuna da wuraren sana'a. An manta da wurin har sai da masanin tarihi William Reeves ya gane shi a 1844, sannan mai binciken kayan tarihi H. C. Lawlor ya haƙa shi daga 1922 zuwa 1924. Yanzu yana hannun hukuma.

Abin da ya fi ja mini hankali yana wajen katangun. A 1999 masu binciken kayan tarihi suka tono maniƙar hatsi a bakin gaɓa, wadda ke aiki da cikar teku: idan ruwa ya hau sai ya taru a bayan madatsa, idan ya janye sai a sake shi ya juya ƙafar da ke murza dutsen niƙa. Zoben shekarun da ke jikin katakon maniƙar, wato layukan da itace ke ƙarawa kowace shekara, ya nuna an sare shi wajen shekarar 619. Da a ce kariyar wurin ta tsaya a inda katanga ta tsaya, da aikin gini guda ɗaya ya isa ya shafe wannan shaida.

Shi ya sa nake ganin hikimar dokar 1994 ta Jamhuriyar Ayalan, maƙwabciyar Ayalan ta Arewa, wadda ta wajabta wa mai son yin aiki a kan wurin tarihi da ke cikin rajista, ko kusa da shi, ya ba hukuma sanarwa a rubuce wata biyu kafin ya fara. Yawancin irin waɗannan wurare ba su yi sa'ar Nendrum ba. Suna cikin gonakin mutane, abin da ya rage kawai lanƙwasar shinge ko ɗan tudun ƙasa. A da, tsoron aljanu ya hana manoma da yawa taɓa tsofaffin zagayen ƙasa, amma zuwan manyan motocin noma ya rusa masu yawa, kuma sau da dama sai hoton sama ne ke nuna inda ganuwar ta bi.