Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Aka Raba Ni da Alli

A makon jiya na tsaya a inda dattawan ekkilisiya suka aiko a kira ni daga aji. Na tarar da su zaune bisa tabarma. Bayan gaisuwa babbansu ya ce, "Malam, taro ya zauna, kai aka nuna. Za a ɗora maka hannu ka zama bishop."

Na ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara, ni alli na sani. Ni da ɗalibaina ko rabin littafin Romawa ba mu kai ba."

Ya yi murmushi, ya ce ai manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 3, ya sa iya koyarwa cikin sharuɗɗan mai kula da ekkilisiya, to ina zan gudu? Da littafin da nake karantarwa suka ɗaure ni.

'Yan'uwa na Najeriya, kada ku auna bishop na Damagaram da naku. Mu Kirista a nan 'yan tsiraru ne tun 1924 da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Zinder, shekara biyu kafin Faransawa su mai da babban birni Yamai. Abin da na gada shi ne babur da littafin lissafi.

Ban gama sanin hanyoyin ba sai ga masifa. A 2004 damina ta ɗauke da wuri, fara ta cinye saura, 2005 kuwa kuɗin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka. Masu bisharanmu na ƙauye albashinsu damin hatsi ne da jama'a ke kawowa da kaka. In rumbun jama'a ya bushe, su ke fara kwana da yunwa, ga kunya ta hana su roƙo.

Wata Asabar na sauka gidan wani tsohon ɗalibina mai bishara a wajen Mirya. Matarsa na jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta sake musu ruwa kafin su ciwu. Ta yi sauri ta rufe ƙwaryar da faifai don kada in gani. Shi kuma ya raka ni bayan danga ya ce, "Baba, gobe me zan faɗa musu?"

Wannan yaron na ba shi maki mai kyau a darasin tanadin Allah, darasin da na kwaso tun ina ɗalibi a makarantar tauhidi ta Bukuru, kusa da Jos. Har gobe ban janye kalma ɗaya daga ciki ba, gaskiya ne. Amma ba a bayan danga ake karanta shi ba. Na ce masa, "Ka rage tsawon wa'azi, ku yi addu'a, ka sallame su kafin rana ta take."

Shi ya gaya mini mai garin, Musulmi, ya riga ya aiko masa da tiya biyu ba tare da ya tambaya ba.

Saboda haka da gudummawar buhuna ta iso daga ekkilisiyoyin waje, na ce gida gida za a raba a kowane gari, ba da rajistar baftisma ba. Dattijon nan da ya ce a ɗora mini hannu, shi ya fara miƙewa ya ce bai yarda ba. Yadda muka kwashe da shi a taron, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.