Teku ba shuɗi ba ne

A shekarata ta biyu a sashen koyon zane, malaminmu ya ba mu aikin zana gaɓar teku. Ni kuwa ɗan Zariya ne, babban ruwan da na taɓa gani bai wuce na madatsa ba. Na kwaɓa shuɗin fenti na shafe rabin allo, na ja fararen layuka na ce igiyar ruwa ce. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ji-ta-ji-ta ka zana."

Washegari ya kawo mana hoton zanen da Claude Monet ya yi a 1872, na tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa da sanyin safiya. Hazo ne ko'ina, ruwan toka-toka, sai 'yan kwale-kwale da ba ka iya tantance mutanen cikinsu, da rana ruwan goro kamar an ɗiga ta. Da aka baje shi a Paris a 1874, wani mai sharhi, Louis Leroy, ya yi masa ba'a da sunan da Monet ya ba shi, Impression, wato abin da ido ya fara kamawa. Ba'ar ce ta zama sunan wannan salon zane, Impressionism, har yau.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne da Malam ya fitar da hoton a baƙi da fari: ranar ta kusa ɓacewa. Ashe haskenta da na sararin da ke kewaye da ita kusan ɗaya ne, launi kawai ya sa take ƙyalli. Ni da nake ƙara farin fenti duk inda nake son haske, sai jikina ya yi sanyi.

Wani mai zane, Eugène Boudin, ne ya fara jan Monet zuwa zane a fili tun yana saurayi, kuma fentin da ake ɗurawa a bututun ƙarfe, wanda aka ƙirƙiro a 1841, ya sauƙaƙa ɗaukar kaya zuwa bakin ruwa. Amma fili yana da nasa horon. A 1885 a Étretat, wani gari a gaɓar tekun Faransa, Monet ya kuskure lokacin cikowar teku, igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta tafi da zanen, ta bar shi da gemu cike da fenti.

Sai a shekarar ƙarshe na je Legas na ga tekun da idona. Da safe ruwan ƙasa-ƙasa ne, da hantsi ya koma kore, kafin in gama haɗa koren ya zama azurfa. Na bar gyare-gyaren da na saba, na riƙa ɗora launi kusa da launi da sauri. Ƙananan zane huɗu na yi, babu wanda ya ƙarasa, yashi ya manne a jikin biyu. Da na kai wa Malam, mai yashin ya ɗauka ya rataye a ofishinsa.