Yadda na yi fama da danshi bayan bututun ruwa ya fashe a gidana

Na dawo daga tafiyar kwana biyu na tarar da ruwa kwance a falo, yana kuma ci gaba da ɗiga daga silin, inda wani bututu ya fashe. Kafin in sa ƙafa a ciki na kashe wutar gidan daga babban makunni, domin akwai wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa, sannan na rufe ruwan daga inda yake shigowa. Silin ya kumbura ya yi ciki, don haka na ajiye bokiti a ƙarƙashinsa na huda shi da ƙusa, ruwan ya sauka a hankali maimakon ya rufto gaba ɗaya. Na ɗauki hotunan ɓarnar kafin in taɓa komai, kuma sun yi mini amfani lokacin da ake lissafin gyara.

Kwashe ruwan bai wuce aikin yini ɗaya ba. Kuskurena ya zo ne bayan mako guda, da na shafa bango na ji ya bushe, na sa aka yi masa fenti saboda na ƙosa gidan ya koma yadda yake. Ba a yi wata ɗaya ba fentin ya fara ɓamɓarewa, wani farin gishiri ya feso a jikin siminti, baƙar fumfuna kuma ta mamaye bayan durowar kaya, ɗakin ya ɗauki wari, ƙaramin ɗana ya kama tari da dare. Wannan tarin ya fi asarar kayan duka ɗaga mini hankali.

A lokacin na fahimci cewa bangon bulo da siminti daga waje yake fara bushewa, cikinsa kuwa yana iya riƙe danshi na makonni, ita kuma fumfuna tana iya fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48 a kan duk abin da ya jiƙe. Fentin da na yi kulle danshin kawai ya yi a ciki.

A karo na biyu na bi aikin da haƙuri. Na kankare fentin, na janye kaya daga jikin bango, na buɗe tagogi, fanka tana aiki dare da rana. Kafet da katifar da suka sha ruwa na zubar da su, ko da yake raina bai so ba. Na wanke fumfunar da ruwan bilic, sanye da safar hannu da takunkumi, ban kuma haɗa shi da wani sinadarin wanki ba, domin haɗuwarsa da amoniya, wani sinadari da ake samu a wasu kayan wanki, tana fitar da iska mai guba. Don in san ko bangon ya bushe, nakan manna leda a jikinsa in liƙe gefunanta, washegari in duba: muddin ta yi gumi daga ciki, akwai sauran danshi. Sai a mako na biyar ledar ta kwana a bushe, sannan na kira mai fenti.

Yanzu duk tafiyar da za ta sa in kwana a waje, sai na rufe ruwan gidan kafin in kulle ƙofa.