Kafin Ka Bar Chkdsk Ya Taɓa Faifanka

Kwamfutar yayana ce, irin ta tebur, mai faifai biyu: ɗaya na Windows, ɗayan kuma mai girman terabait 2 wanda yake tara ayyukansa a ciki, takardu da hotuna da hirarrakin da ya ɗauka a murya shekara da shekaru. Matsalar ta faro ne daga folda guda. Duk sanda ya danna ta, sai kwamfutar ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta fito da saƙon cewa foldar ta lalace, ba ta karantuwa. Ba a jima ba wasu fayilolin suka fara nuna girman sifili. Ko da ya kira ni, ya riga ya samo magani a intanet, so yake kawai in ce masa e: a rubuta chkdsk /r, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, a bar kwamfutar ta kwana tana aiki.

Na ce masa, "Yaya, don Allah kashe ta tukuna. Kada ka sake kunna ta sai na iso."

Ga abin da ya sa na hana shi. Tsarin fayil shi ne kundin da ke gaya wa kwamfuta inda kowane abu yake a kan faifai, kamar rajistar ɗakin karatu: littattafan suna nan a kan kanta, amma idan shafin rajista ya yage, babu mai sanin wanne ne a ina. A tsarin NTFS, wanda Microsoft ya fito da shi a 1993, sunan wannan kundi MFT, kuma kowane fayil yana da gurbinsa a ciki, galibi mai girman bait 1024. Faya-fayan zamani da yawa sektarsu ta zahiri, wato ƙaramin yankin da faifai ke karantawa ko rubutawa a lokaci guda, bait 4096 ce, don haka sekta guda tak idan ta mutu a cikin MFT, tana iya tafiya da bayanin fayiloli huɗu a lokaci ɗaya, alhali abin da ke cikin fayilolin yana nan lafiya lau a wani wuri. Shi kuwa chkdsk aikinsa ya daidaita kundin har lissafi ya tashi. Bai san wane fayil ne ya fi maka daraja ba. Idan ya tarar da bayanin da ya saɓa wa sauran, yana iya datse shi ko ya share shi, kuma ba ya barin hanyar komawa baya. Ƙari a kan haka, /r na nufin ya bi sektocin faifan yana karantawa awa da awanni. Faifan da ke gab da mutuwa yana iya ƙarasawa a wannan wahalar, kafin ka kwashe ko fayil ɗaya.

Saboda haka tambayar farko ita ce: kundin ne kaɗai ya rikice, ko kuwa faifan da kansa ne ba shi da lafiya? Kundi yana rikicewa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko an fizge faifan waje ba a sallame shi ba. Irin wannan mai sauƙi ne, domin NTFS yana ajiye tarihin canje-canjen da yake shirin yi, yakan gyara kansa da shi idan an sake kunnawa. Amma lalacewar da ke yaɗuwa daga folda zuwa folda, tare da daskarewar kwamfuta, yawanci akwai wani abu a ƙarƙashinta.

Kunne na fara sawa. Na kunna kwamfutar na ɗan lokaci ina saurare. Babu ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa, babu ƙarar gurza, faifan ya ɗauki gudunsa yadda ya kamata. Da na ji ɗaya daga cikin waɗannan, da nan aikina ya tsaya, domin alama ce ta cewa kan da ke karatu ko injin juyawa ya samu matsala, kuma wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki marar ƙura. Buɗe faifai a gida, ko saka shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, ƙara ɓata shi ne kawai.

Daga nan na zare wayar faifan mai matsala, na tayar da Windows da lafiyayyen faifansa, na shiga Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin abubuwan da suka faru da kurakurai. Tarihin ya cika da saƙonni iri uku. Lamba 55 daga Ntfs tana cewa an gano lalacewa a tsarin fayil. Lamba 7 daga faifai tana cewa akwai gurbi marar kyau. Lamba 153 kuma tana cewa an sake gwada karatu ko rubutu saboda na farko bai yi ba. Ta 153 ta girmi sauran da makonni. Ke nan tun kafin yayana ya ga komai, kwamfutar ta daɗe tana fama a ɓoye.

Na zare faifan ne da gangan kafin in tayar da Windows. Idan Windows ya ga an yi wa wani sashe na faifai alamar cewa ba a rufe shi da kyau ba, yakan ƙaddamar da chkdsk da kansa lokacin tashi, ya ba ka 'yan daƙiƙoƙi kawai ka danna maɓalli don hanawa. In ka juya baya, an riga an fara.

Sauran binciken da Linux na yi shi. Na sa SystemRescue, wani nau'in Linux na aikin ceto, a filashi, na mayar da faifan, na tayar da kwamfutar daga filashin. Amfaninsa shi ne ba ya hawa kan faifanka ya yi rubutu sai ka umarce shi, kuma duk kayan aikin da nake buƙata suna ciki. Da umarnin smartctl -a na karanta rahoton SMART, wato lissafin da faifai ke yi wa lafiyar kansa. Layin farko ya ce faifan ya ci jarrabawa. Ban ba wannan layin muhimmanci ba, kuma ina roƙon kowa kada ya ba shi. Masu bincike na Google sun nazarci faya-fayai sama da 100,000, kuma a rahoton da suka fitar a 2007 sun nuna cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba kafin mutuwarsu. Sun kuma gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatun farfajiya karo na farko, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na sauran sau 39. Shirun SMART ba shaidar lafiya ba ne, amma idan ya yi magana a saurare shi.

Lambobin da na duba su ne 5, mai ƙirga sektocin da faifai ya riga ya sauya da na ajiya. 197, mai ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu. 198, waɗanda suka gagara gyaruwa. Sai 199, mai ƙirga kurakuran da ke faruwa a hanya tsakanin faifai da uwar allon kwamfuta. Lamba 197 ta tashi daga sifili, ko da yake ba da yawa ba. Lamba 199 kuwa ta yi nisa ƙwarai, kuma wannan ba laifin faifai ba ne, yawanci waya ce. Na haska fitila cikin akwatin. Kan wayar SATA ya tsage ta gefe, ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ya karye, da ɗan yatsa kawai na taɓa shi ya yi lilo a cikin raminsa. Na canza wayar, na rubuta adadin 199 a takarda, domin wannan lambar ba ta komawa sifili. Abin lura shi ne ko ta daina hawa. Ta daina.

Cuta biyu ke nan a haɗe: waya mai yankewa da faifan da ya fara gajiya. Sabuwar waya ta magance ta farko, ta biyun kuwa ba ta da magani sai a kwashe kaya.

Kwashewar ba da kwafi na yau da kullum na yi ta ba. Kwafi na yau da kullum yana dogara ne da kundin da ya riga ya lalace, kuma da zarar ya ci karo da sekta marar kyau sai ya liƙe a wurin yana ta gwadawa. Na yi amfani da GNU ddrescue, manhajar da Antonio Diaz Diaz ya rubuta, wadda ke kwafe faifai sekta bayan sekta ba ruwanta da tsarin fayil. Hikimarta ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, ta rubuta su a wani ƙaramin fayil na taswira, sai daga baya ta dawo kansu. Ko wuta ta ɗauke, taswirar tana nan, aiki zai ci gaba daga inda ya tsaya. A wajen rubuta umarnin nan ne ya kamata mutum ya fi natsuwa. Ana fara rubuta faifan da za a kwafa, sannan inda za a zuba. Wanda ya juya su ya shafe kayansa da hannunsa. Na duba suna da girma da lambar kowane faifai da umarnin lsblk, na gwada da abin da ke rubuce a jikinsu, kafin in danna komai.

Zagayen farko na yi shi da -n, don a kwashe mai sauƙi ba tare da tono ba. Ina zaune ina kallon allon: gudun yana sama da megabait 100 a daƙiƙa, sai ya faɗi ƙasa warwas, fitilar faifan ta tsaya a kunne ba ƙyaftawa, adadin wuraren da suka ƙi karantuwa ya ƙaru da ɗaya, sannan gudun ya sake tashi. Ya cinye mafi yawan yinin. Zagaye na biyu na ƙara -d da -r3, wato a karanta kai tsaye, a sake gwada kowane wuri mai taurin kai sau uku. Wasu sun ba da kai, wasu sun ƙi. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da girman faifan, sai dai ƙanƙantarsa ba ta kwantar min da hankali ba, tunda wani ɓangarensa a cikin MFT ya faɗa.

Kwafin na zuba shi ne a matsayin fayil guda a wani babban faifai, daga shi kuma na sake zuba wa sabon faifan da zai maye gurbin tsohon. Fayil ɗin na ajiye shi gefe ban taɓa ba. Duk gwajin da zan yi a kan sabon faifan ne, in abu ya ɓaci in sake zubawa. Tsohon kuwa na cire shi gaba ɗaya, domin kwafin da asalin lambar shaida ɗaya suke ɗauke da ita, kuma Windows yakan ajiye ɗaya a gefe idan ya gan su tare.

Kafin gyara, na buɗe kwafin da TestDisk, aikin Christophe Grenier. Yana iya nuna foldoji ya kwafo fayiloli ko da Windows ya ƙi buɗe su, yana iya dawo da sektar tashi daga kwafinta da NTFS ke ajiyewa a ƙarshen sashe, yana kuma iya gwada MFT da madubinsa, wato ɗan kwafinsa na ajiya. Kada dai a ɗora wa madubin nan buri, galibi gurabe huɗu na farko kawai yake riƙewa. Da TestDisk na fitar da mafi yawan abin da ke cikin foldar da ta ƙi buɗuwa, da sunayensu.

Sai a lokacin na bar chkdsk ya shigo. Na fara gudanar da shi ba tare da wani ƙari ba, ya duba ya ba da rahoto kawai, sannan na sa /f, wato ya yi gyara. Ban sa /r ba, tunda sabon faifai ba shi da matattun sektoci da za a nema. Ya goge wasu gurabe da suka lalace, ya gyara jerin sunayen foldar, ya tattara fayilolin da suka rasa gida a wata ɓoyayyiyar folda mai suna found.000, da sunaye irin su file0000.chk. Mutane da yawa ba su san da wannan foldar ba, sai su ɗauka kayansu sun tafi. Ana gane kowane fayil daga baitocinsa na farko: hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF, takardar PDF da %PDF, muryar WAV da RIFF. Na bi su ina mayar musu da ƙarshen sunan da ya dace. Waɗanda gurbinsu ya mutu kwata-kwata, PhotoRec na saka ya tono su daga kwafin da na ajiye, ta hanyar neman irin waɗannan alamomi. Yana dawo da abin da ke ciki amma ba suna ba folda, sai da yayana ya zauna yana saurare yana cewa wannan hirar wane ce, wannan ta wace shekara ce.

Akwai matakin da ake yawan tsallakewa, kuma a ganina rashinsa ya fi komai cutarwa. Duk wurin da ddrescue ya kasa karantawa, babu komai a gurbinsa a cikin kwafin, kuma chkdsk ba zai ce uffan ba, domin shi kundi yake dubawa, ba cikin fayil ba. Fayil zai fito da sunansa da girmansa daidai, ga rami a tsakiyarsa. ddrescue yana da hanyar cike waɗannan ramuka da wata kalma da ka zaɓa ta amfani da taswirar, sai ka bincika fayilolin da kalmar ta bayyana a cikinsu. Haka na gano hotuna kaɗan da wata hira guda da suka samu rauni. Hirar tana buɗuwa, amma akwai ɗan wurin da muryar ke tsinkewa. Gara ya sani yanzu, lokacin da zai iya neman wani kwafin a tsohuwar wayarsa ko wurin wanda ya taɓa tura wa.

Wanda ke kan Linux da tsarin ext4, hanyar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. Ba a gudanar da e2fsck, takwaran chkdsk a can, a kan sashen da ke ɗaure yana aiki. A fara da -n don ya duba kawai. Idan babban gurbin bayanan tsarin ya lalace, akwai kwafinsa, galibi a gurbi mai lamba 32768, ana kiransa da -b, kuma fayiloli marasa gida suna sauka a lost+found da lambobi a madadin suna. Mai SSD kuma ya sani cewa abin da aka share yakan tafi da gaske saboda TRIM, umarnin da ke gaya wa SSD wuraren da aka share don ya goge su, don haka tonon PhotoRec ba ya cika amfani a can.

Ban mayar da kwamfutar ba sai da na bar MemTest86+ ya kwana yana gwada RAM, domin RAM mai matsala tana lalata bayanai tun kafin su isa faifai, kuma za ta lalata sabon kamar yadda za ta lalata tsohon. Ta fita lafiya. Tsohon faifan, bayan mun tabbatar an kwashe komai, na cike shi da sifili daga farko har ƙarshe, abin da ke tilasta masa yanke hukunci a kan sektocin da ke jira. Lamba 197 ta sauka, lamba 5 ta hau. Na gudanar da dogon gwajin SMART, sai ga sababbin sektoci sun sake bayyana a 197. Na rubuta a jikinsa da alƙalami cewa kada a ajiye komai a ciki. A kwamfutar kuma na saka CrystalDiskInfo, mai nuna rahoton SMART, ya riƙa tashi tare da Windows, na nuna wa yayana lambobi 5 da 197 da 199, na kuma tsara masa kwafin ayyukansa ya riƙa tafiya wani faifan waje kowane mako, ana cire shi daga kwamfutar idan an gama.