Ƙa'idar tana cikin kai, bakin ne ya ƙi ɗauka

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya ai ya ci Turanci a takarda, sai da kiredit a WAEC ko NECO, ga JAMB da Turanci yake dole ko likitanci za ka karanta ko Larabci, sannan a aji ɗaya a sake ɗora maka kwas ɗin GST, darasin bai-ɗaya na dole da ake koyar da Turanci a cikinsa. To amma a ce mutum ya miƙe ya yi bayanin minti biyar a gaban aji, nan za ka ji "she go", "he don't", "did you went". Abin haushin kuma idan ka rubuta masa jimlar a allo shi da kansa zai nuna maka inda ta karkace.

A aji uku ni da wasu abokaina muka ce bari mu gyara bakinmu kafin lokacin kare kundin digiri. Dokar farko da muka kafa ita ce bayan sallar isha'i Turanci zalla a ɗaki, wanda ya kwafsa a gyara masa nan take, ya kuma ajiye naira hamsin a gwangwani. Wallahi shiru ɗakin ya yi. Akwai wani cikinmu da in Hausa ake yi ba ya barin kowa ya saka baki, sai ya koma daga "yes" sai "no", saboda ba mai son a katse shi a tsakiyar magana ana dariya. Gwangwanin ya tara kuɗin shayi, Turanci dai bai motsa ba.

Sai muka canza salo. Kowa ya ɗauki muryarsa a waya, minti biyu kacal, yana ba da labarin abin da ya yi jiya, sannan ya zauna ya kwafe maganar a takarda kalma bayan kalma ba tare da ya yi wa kansa kwaskwarima ba, har da su "eh" da "am". Jin muryar kanka ba daɗi, amma a nan ido ya buɗe. Na zaci kurakuraina sun fi a ƙirga, ashe 'yan kaɗan ne suke ta maimaita kansu: "s" ɗin nan ta "he goes", da aikatau na lokacin da ya wuce, sai su "informations" da "equipments" da muka taso muna ji har a bakin manya.

Da na zura wa takardar ido sai na gane Hausa ce take aiki a ƙarƙashi. Mu lokaci a jikin wakilin suna yake, ya karanta, zai karanta, yakan karanta, aikatau yana nan yadda yake. Shi ya sa da na ce "yesterday" ƙwaƙwalwa ta ɗauka ta gama aikinta, sai "I go" ya biyo baya. Wani kuma ba ma nahawu ba ne, harshe ne, don Hausa ba ta jera baƙaƙe a ƙarshen kalma, to "asked" da "walked" sai wutsiyar ta maƙale a maƙogwaro, mai sauraro ya ɗauka ba ka san ƙa'ida ba alhali ka sani sarai.

Wani malaminmu ya taɓa kawo mana ra'ayin Stephen Krashen, masanin harshe na Amurka, cewa ƙa'idar da ka haddace aikinta kawai duba abin da zai fita daga baki, kuma sai ta samu lokaci. A jarabawa tana da shi, a magana babu. Ban yarda da duk abin da mutumin ya faɗa ba, amma wannan kam na gan shi a kaina.

Mun gwada dabarar nan ta 4/3/2, ka ba da labari ɗaya a minti huɗu, ka sake a uku, ka sake a biyu. Baki ya saki ƙwarai, sai dai kurakuran ma gudu suka ƙara. Abin da ya yi mana aiki shi ne kama kuskure ɗaya tak a mako, ka sake ɗaukar labarin da ka riga ka bayar hankalinka yana kan wannan abin kawai, abokinka ya saurara ya turo gyara ta WhatsApp bayan ka gama, ba a gaban jama'a ba. Su "I am coming" da "off the light" kuwa muka ƙyale su, kowa a ƙasar nan yana ganewa, ba su ne za su kayar da mutum ba.

Ranar kare kundi bayanina ya tafi sumul, tunda na maimaita shi har na gaji. Da aka zo tambayoyi wani malami ya jeho wadda ban shirya mata ba, "s" ɗin nan ta sake guduwa, ina ji da kunnena. Shi ya sa da ƙannenmu na sashen suka karɓi tsarin na ce musu su rage haddar jawabi, su riƙa jefa wa juna tambayar ba-zata wayar tana ɗauka.