Na je Amurum neman baƙo, na tarar da ɗan gida

Motarmu ta bar Zariya bayan sallar asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka. Tun daga Jengre iska ta sauya, na zaro rigar sanyin da maiɗakina ta cusa mini a jaka ina ta gardama. Farkon damina ne, duwatsun Jos sun fara kore.

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni. Yana karatu a APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye da ke dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Na daɗe ina yi masa tsiya, ina cewa wai mutum ya gama jami'a ya koma bin tsuntsu kamar yaro mai danƙo. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Kawu, ka dai zo ka gani." Ya kwaɗaita mini wani ɗan jan tsuntsun duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tantance shi, kuma da shi wurin ya yi suna.

Washegari da duku-duku muka shiga kurmin bakin rafi, inda suka kafa raga mai laushi tsakanin sanduna, wadda ido ba ya ko ganinta. Tsuntsun farko da ya faɗa ciki, da aka fito da shi daga 'yar jakar ƙyalle, sai na bushe da dariya. Toka-toka ne mai sirkin ruwan ƙasa, baki ruwan ɗorawa, ciki fari-fari, kwiɓinsa da ɗan jaja-jaja. Na ce, "Haba yaro, wannan ai shi ke tonon shara a gindin darbejiyar gidana!"

Bai ce komai ba sai da ya gama aikinsa. Ya riƙe wuyan tsakanin yatsu biyu, ya auna fiffike, ya ɗora shi a ma'auni ya karanta gram 60 da 'yan kai, ya maƙala masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Sannan ya ɗora mini shi a tafin hannu. Zuciyarsa na bugawa fat-fat kamar za ta fito, jikinsa da ɗumi. Kafin in gama kallo ya yi fir ya shige duhuwa.

"Kawu, Turdus pelios ke nan a bakin masana," in ji shi. Danginsu ana kiransu Turdidae, kuma sun haura nau'i 150. Muna zaune kan wani falalen dutse muna shan shayi ya shiga jero mini 'yan'uwan a wayarsa. Ga na Turai, baƙi wuluk da baki rawaya, wanda mutanen Suwidin suka ɗauka tsuntsun ƙasarsu. Ga na Amurka mai jan ƙirji. Ga wani mai ɗige-ɗige a ƙirji da ke ɗaukar dodon-koɗi ya yi ta buga shi a kan dutse har kwanson ya fashe. Launi kowa da nasa, amma tsayuwar iri ɗaya ce: ya yi tsalle biyu ko uku, ya tsaya cak, ya karkata kai, ya cafko tana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Kosta Rika. Ba shi da wani ado, kusan kamar namu yake, amma shi suka zaɓa tsuntsun ƙasarsu a 1977, alhali suna da masu launi kamar an yi musu rini. Dalilin kuwa, yana fara rera waƙa ne dab da saukar damina, manoma suna cewa shi ke kiran ruwa. Namu ma haka yake, da damina yake sheƙa, mai kamar ƙoƙo, ta ciyawa da laka, ƙwai biyu ko uku. A lokacin ne yake cika unguwa da waƙar asuba, yana maimaita kowace gaɓa kamar ɗan makarantar allo. Shekara nawa ina jin wannan waƙa a hanyar masallaci ban taɓa ɗaga kai ba.

Ba duka dangin ne suka yi sa'ar namu ba. Shi ya iya zama da mutane, yana cin ɓaure da gwanda da 'ya'yan darbejiya, yana yaɗa irinsu a kashinsa. Na tsibirin Pirinsipe, can cikin tekun Gini, ya maƙale a kurmi guda kuma yana gab da ƙarewa. Na tsibirin Giran Keman da ke tekun Karebiyan kuwa tun 1938 ba a sake ganinsa ba.

Jan tsuntsun da na zo dominsa sai rana ta biyu na hango shi, shi ma wucewar walƙiya tsakanin duwatsu.

Na iso gida da la'asar, hadari ya haɗu a gabas. Ina sauke jaka na ji kwaram-kwaram a busassun ganyen gindin darbejiya. Na durƙusa a hankali ina leƙen ƙafarsa, ko da zobe. Maiɗakina ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, lafiya? Ko kuɗi ne suka faɗi?"